Hanjin Yayana Ya Murɗe, Hajiya Ta Ce A Daina Ba Shi Maganin Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum Anti. Yayana ɗan shekara 36 ne, shekara 11 ke nan yana fama da lalurar ƙwaƙwalwa. Ya daɗe a kan Largactil da Artane ba mu ga sauƙi na a zo a gani ba, sai shekara biyu da suka wuce likita ya sauya masa zuwa clozapine, aka bar masa Artane ɗin saboda dalalar miyau. Wallahi Anti tun daga nan muka samu yayanmu. Ya daina magana shi kaɗai, yana zuwa masallaci, har yana zama a shagon kawunmu. Watan jiya cikinsa ya kumbura kamar ganga, kwana biyu muna ba shi jiƙon kanwa muna cewa kumburin ciki ne, sai da ya fara amai muka kai shi asibiti. Aka ce hanjinsa ne ya murɗe. Suka zura masa roba ta dubura ya warware, suka ce mu dawo a yi tiyata. Wani likita ya ce maganin da yake sha yana iya zama sila. Tun ranar Hajiyarmu ta rantse ba za a ƙara ba shi ƙwaya ko ɗaya ba, kuma ba za a yanka mata ɗa ba tunda ya warke. Ni nake ba shi a ɓoye. Ina tsoron in ci gaba in kashe shi, ina tsoron in daina ya koma gidan jiya. Ya zan yi?

Ƙanwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba yayanki lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya.

Zan fara da abin da ba ya jiran gobe. Likitan ƙwaƙwalwar da ya rubuta masa clozapine, ya san abin da ya faru watan jiya? Wasiƙarki ba ta faɗa ba, kuma ina zargin bai sani ba, domin haka muka saba: likitan ciki yana can, likitan ƙwaƙwalwa yana can, kowa da katinsa, majiyyaci ne kawai yake zirga-zirga a tsakani bakinsa ƙunshe. Kar ki jira ranar da aka rubuta muku ta komawa. A cikin makon nan ki ɗauki takardar sallamar da aka ba ku, ki zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na kemis da na gargajiya, ki riƙe hannun yayanki ku tafi. Mutumin da hanjinsa ya taɓa toshewa, ci gaba da clozapine a gare shi hukunci ne da likita zai zauna ya auna, bai kamata ya rataya a wuyanki ke kaɗai ba.

Akwai tambaya ta biyu da nake so ki tuna amsarta kafin ku isa. Kwanakin da ya yi a kwance a asibiti, ana ba shi clozapine ɗin ko an tsayar? In ya taɓa yin sama da awa 48 bai sha ba, ƙa'ida ita ce ba a komawa kan adadin da yake sha a da kai tsaye. Daga ƙasa ake sake farawa a riƙa hawa kaɗan-kaɗan, domin dawowa da cikakken adadi lokaci guda yana iya faɗar da jini har mutum ya yanke jiki ya faɗi. Haka nan idan akwai ranakun da Hajiya ta kasa ta tsare kika rasa damar ba shi. Shan yau, tsallaken gobe da jibi, ya fi hatsari a kan wannan magani fiye da yadda mutane suke zato. Ki faɗa wa likita gaskiya tsirararta, ba zai yi miki faɗa ba.

To, Hajiya tana da gaskiyarta, kuma zan ba ta ita cikakkiya. Likitan nan da ya ce magani na iya zama sila bai yi ƙarya ba.

Kin taɓa wanke kayan cikin rago ranar Babbar Sallah, ko? Ki tuna tantanin nan mai kitse da hanji yake rataye a jikinsa, wanda sai an bi shi da wuƙa kafin hanjin ya miƙe. Ɗan'adam ma yana da shi, kuma ta cikinsa jijiyoyin jini suke bi su ciyar da hanji. Can ƙarshen babban hanji, a gefen hagu na mara, akwai wata lanƙwasa da bayan gida yake taruwa kafin ya fita. Idan mutum ya yi watanni ko shekaru cikinsa yana cushewa, wannan lanƙwasar takan yi tsawo, ta buɗe, ta yi nauyi, alhali gindin tantanin da take rataye a kai siriri ne. Wata rana sai ta juya a kan gindin nata, kamar yadda ake murɗa jiƙaƙƙen zane a matse shi. Ƙofa ta rufe gaba da baya, iska da kashi ba hanyar fita, ciki ya yi ta hauhawa. Abin da ya fi muni, jijiyoyin jinin nan su ma sun shaƙe. Idan aka jima a haka sai wannan yanki na hanji ya mutu, ya yi baƙi, ya huje, ƙazanta ta zube cikin ciki. Kwana biyun nan da kuka yi kuna jiƙa kanwa, Allah ne kawai ya tsare. Ban faɗa don in ɗora miki laifi ba, gidaje nawa ne ba za su yi haka ba?

Ta ina magani ya shigo? Hanji ba bututu ba ne da abu yake gangarawa da kansa. Tsoka ce mai motsi dare da rana, tana matsawa tana turawa, kuma akwai sinadarin da jijiyoyi suke aika mata da umarnin motsin. Clozapine yana tare wannan saƙo. Largactil ma yana yi. Artane kuwa, wanda wasu suka fi sani da benzhexol ko Exol, aikinsa ke nan ma gaba ɗaya, tare wannan sinadari. Wato yayanki yana shan magani biyu da kowannensu yake taka wa hanji birki. A ƙasar Niyu Zilan an yi wani bincike da aka wallafa a 2016, aka ba majiyyata wasu 'yan ƙwayoyi da ake gani a hoton ciki suka haɗiya, aka auna tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su ratsa babban hanji. Masu shan wasu magungunan ƙwaƙwalwa, kamar awa 23. Masu shan clozapine, sama da awa 100. Kwana huɗu ke nan da ɗoriya.

Abin da yake ba ni haushi a sha'anin nan shi ne yadda aka raba tsoro ba daidai ba. Tun 1975, lokacin da wasu majiyyata suka mutu a Finlan saboda clozapine ya karya musu fararen ƙwayoyin jini, duniya ta ɗora ido a kan jini. Shi ya sa ake ta ɗiban jinin yayanki ana gwadawa, kuma daidai ne, a ci gaba. Amma bayan gida ba mai tambaya. Sai a 2017 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta sake jan kunnen likitoci a kan toshewar hanji, ta Amurka kuma ta ƙarfafa gargaɗinta a watan Janairun 2020, bayan rahotannin mutanen da cushewar ciki ta kai su tiyata, wasu har lahira. Masu bin diddigin maganin nan yanzu suna cewa matsalar hanji ta fi matsalar jinin ɗaukar rai, domin ita jinin ana gadinta, hanjin kuwa an bar shi a hannun Allah.

Sai dai a gaya wa Hajiya ragowar labarin. Murɗewar hanji tsohuwar cuta ce a ƙasarmu. Likitocin tiyata suna lissafa Afirka, Gabas ta Tsakiya da Indiya cikin yankunan da ta fi yawa a duniya, kuma a wajenmu takan kama maza masu ƙarfi a jika, manoma da makiyaya da ba su taɓa ganin ƙwayar maganin ƙwaƙwalwa ba. Ana danganta abin da tsawon hanjin da aka haifi wasu da shi, da irin cimarmu mai yawan dusa da ake lodawa lokaci guda. Ba wanda zai iya rantse miki cewa da ba magani yayanki ba zai gamu da ita ba. Abin da na tabbata shi ne maganin ya ƙara wa wutar itace.

Kuma ga inda shawarar Hajiya ta karye: ko yau aka zubar da maganin a masai, hanjin da ya riga ya yi tsawo ba zai koma ya gajarce ba. Robar da aka zura masa ta warware murɗar ne kawai, ta ceci ransa a daren. Lanƙwasar tana nan yadda take, kuma kusan rabin waɗanda aka warware wa ta wannan hanya, ko fiye, abin yakan dawo musu idan ba a yi tiyata ba. Shi ya sa likitoci suka ce ku koma. Ba neman kuɗi ba ne.

Bari in kwatanta miki tiyata iri biyu, don na tsaya a kan duka biyun lokacin da nake aikin jinya. Ta farko, an sa rana. Majiyyaci ya zo da ƙafarsa, an wanke masa ciki, an duba jininsa, an tanadi wanda za a ƙara masa in buƙata ta taso. Likita ya yanke yankin da ya yi tsawo, ya haɗa baki da baki ya ɗinke. Bayan 'yan kwanaki mutum ya fara shan kunu, ya koma gida. Ta biyu, ƙarfe biyun dare ne. Na tuna wani bawan Allah da aka kawo mana a bayan a-kori-kura, mai lalura irin ta yayanki, cikinsa ya yi tsini yana sheƙi, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar kalangu. Muna tambayarsa ina ke ciwo, yana cewa lafiya lau. Ƙaninsa ya ce ai jiya ma zawo ya yi, don haka suka sayo masa maganin tsayar da gudawa. Da aka buɗe, hanjin ya riga ya yi baƙi ƙirin. A irin wannan hali ba a iya haɗawa. Sai aka fito da bakin hanji ta gefen cikinsa aka maƙala leda, nan bayan gida yake zuba wata da watanni kafin a sake wata tiyatar a mayar. Ya rayu, amma ki yi tunanin mai fama da ƙwaƙwalwa da leda a ciki, da tsadar ledar, da alwala, da zaman shago. Wanda ya ƙi tiyatar farko, sau da yawa ta biyun yake saya bai sani ba.

Abu biyu nake so ki tsinta daga labarin mutumin nan. Masu wannan lalura, musamman in suna kan magani, ba kasafai suke kukan ciwo ba ko da ciwon ya kai a yi kuka. Idan kika jira yayanki ya ce cikinsa na ciwo, kin makara. Na biyu kuma zawon nan. Idan kashi ya daskare ya toshe hanya, ruwa-ruwan da ke sama yakan tsiyayo ta gefe, sai a ɗauka gudawa ce. Mai shan clozapine da ya kwana biyu bai zaga ba sannan ya fara zawo, kar a kuskura a ba shi Imodium ko wani abin tsayarwa. A kai shi a taɓa cikin.

Game da yanke maganin ƙwaƙwalwa kuwa, ke kin fi ni sanin abin da gidan jiya yake nufi a gidanku. Abin da zan ƙara shi ne ba a ba mutum clozapine sai an gwada wasu magunguna aƙalla biyu sun gaza, kuma a irin wannan matsayi babu wanda ya kai shi aiki. Tsayar da shi dare ɗaya yakan dawo da ciwon da sauri, wani lokaci fiye da yadda yake a da, ga amai da gumi da rashin barci. Tsakanin "a ci gaba yadda ake" da "a zubar" akwai fili mai faɗi da likita zai iya aiki a ciki. Zai iya duba ko Artane ɗin nan ma yana da amfani. Asalinsa ana ba da shi ne don sandarewar jiki da karkarwar da su Largactil da haloperidol suke kawowa, clozapine kuwa ba ya cika kawo su. Idan don miyau ne kawai, akwai wasu dabarun, kuma tawul a kan matashi ya fi hanji a murɗe sauƙi. Zai iya rage adadin clozapine. Zai iya ɗora shi a kan maganin sassauta ciki na kullum, ba sai ciki ya ɗaure ba. A wasu ƙasashe tare ake rubuta su tun ranar farko. In kuma ya ga dole a sauya magani, shi zai sauke shi a hankali ya hau da wani. Ki roƙe shi ya rubuta wa likitan tiyata takarda, domin kwanakin tiyata su ma sai an tsara yadda za a yi da maganin.

Yanzu aikin gida, kuma nan ne kunya za ta so ta hana ki. Na san ƙanwa ba ta tambayar yayanta ko ya zaga. To amma wani a gidan nan dole ya riƙa tambaya, kullum, kamar yadda ake tambaya ko ya sha magani. In ke ba za ki iya ba, a samu namiji, ko kawun nan da yake zama a shagonsa. Mafi kyau ma a ba shi kansa aikin: kalanda a bayan ƙofar ɗakinsa da biro, duk ranar da ya zaga ya yi alama, ke kuma ki leƙa ba sai an yi magana ba. Kwana biyu ba alama, a kira likita ko a ƙara abin sassautawa yadda ya tsara. Idan kuwa ciki ya fara hawa, ko amai, ko ciwo, ko ya ce ko tusa ba ta fita, ko zazzaɓi ya haɗu da ɗaya daga cikinsu, ba jira, ba kanwa, ba kemis, ba "bari gari ya waye". Kar a ba shi abinci ko abin sha, kar a ba shi maganin wankin ciki, a nufi asibitin da ake tiyata. Kuna isa ki faɗa da bakinki: yana shan clozapine, kuma hanjinsa ya taɓa murɗewa. Wannan jimla tana rage muku zaman benci.

Ruwa ya yawaita, musamman da bazara. Tafiyar ƙafa kullum, ko daga gida zuwa shago ne, domin maganin yana sa nauyin jiki da yawan barci, hanji kuma yana son mai motsi. Gwanda, lemo, kankana, miyar kuɓewa da ta kuka, kunun tsamiya, duk suna taimakawa. Amma kar a ɗauka abinci kaɗai zai iya da clozapine, kuma kar a ɗura masa dusa ko garin nan na kemis mai kumbura a ciki irin su Fybogel. Ga hanjin da ba ya motsi, ƙara masa kaya ne. Ya riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa maimakon malmala uku a zama ɗaya. Wannan ya shafi azumi: yini ba ruwa, sannan a yi lodi da magariba, ba abokin hanji irin nasa ba ne. Kafin Ramadan ku tambayi likita, ku tambayi malami, addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Za ki ji masu cewa a jiƙa masa filasko. Gaskiya ne daga danginsa ake yin ƙwayar senna da likitoci suke rubutawa. Bambancin shi ne ƙwayar an san adadinta, jiƙon kuwa yau ya yi tsinkau gobe ya yi salam, kuma ranar da hanji yake a toshe zai iya zama ajali. Haka masu maganin basir na cikin mota da lasifika, a bar su su wuce.

Ki kula da kemis sosai. Tramadol, kodin, Buscopan, amitriptyline, maganin mura mai sa barci, ƙwayar ƙarin jini, duk suna ƙara ɗaure ciki. Sai kuma wanda mutane ba su sani ba: ciprofloxacin, wannan da ake miƙa wa kowa da an ce taifot. Yana hana hanta narkar da clozapine, sai maganin ya taru a jini ya ninka illarsa. In yayanki yana shan sigari ya daina, dainawar ma tana ɗaga adadin maganin a jini. Ya daina ɗin, alheri ne, amma likita ya sani.

Saura Hajiya. Ɓoyon nan ba zai ɗore ba, kuma ranar da ta gano, maganar za ta tashi daga ta magani ta koma ta raini. Uwa ce da ta ga cikin ɗanta kamar zai fashe, aka kuma ce mata ƙwayar da take miƙa masa da hannunta ce. Ina jin laifin kanta take gani, shi ya sa ta kafe. Kar ki je mata da gardama. Ki nemi wanda take jin nauyinsa, kawunku ko wani babba, ku tafi asibitin tare da ita, ta zauna gaban likita ta yi tambayoyinta da kanta. Ki roƙi likitan tiyata ya nuna mata hoton cikin da aka ɗauka ranar. Hanjin da ya murɗe yakan fito ƙato kamar ƙwayar gahawa ya cika hoton, ko wanda bai yi boko ba, zai gane cewa akwai matsala. Addu'a da tofi kuma ba wanda ya hana, ta ci gaba da abinta.

Wani abu ɗaya na rasa a wasiƙarki: me shi yayan naki ya ce? Namiji ne ɗan shekara 36 da yake zuwa masallaci yake zaman shago. Cikinsa ne, ƙwaƙwalwarsa ce, kuma a takardar tiyata hannunsa za a nema matuƙar yana cikin hayyacinsa. Ku zaunar da shi ku faɗa masa duk abin da na faɗa miki, a sarari, ba tare da kewaye-kewaye ba. Mai yiwuwa kalma ɗaya daga bakinsa ta sauko da Hajiya fiye da duk likitocin Zariya.

Ki rubuto mini bayan kun ga likitan, ina son jin abin da ya ce game da Artane ɗin.